Buwat otomatik mai bugu: abin da za a duba kafin a sauke ta

Tambayar ta zo daga Tawa: "Salamu alaikum, Malam. Ina da Toyota 4Runner ƴar Amurka, ƙirar 1999, mai injin V6, otomatik ce. Kontarta ta nuna 236,000. Wata uku ke nan, in za ta sake giya daga ta ɗaya zuwa ta biyu sai ta yi bugu kamar an doke ta ta baya. Haka ma in na sa D (gaba) ko R (baya) da safe. Makanikina ya ce buwat ta mutu, in kawo jika 400 a sayo wata ta hannu. Kusan kowane mako ina zuwa Abalak ko Keita da ita. In saya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna.

Da fari bari in gyara maka lissafi. Motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6. Ke nan 236,000 ɗin nan naka kusan kilomita 380,000 ne. Ta yi tafiya, babu musu. Amma buwat ɗin da ke cikinta, wato akwatin giyarta, ƴar gidan A340 ce, mai giya huɗu, ƙirar kamfanin Aisin, wadda Toyota ta fara sakawa tun tsakiyar shekarun 1980, kuma a cikin duk buwat otomatik da nake sa wa hannu a nan Yamai ita ce mafi haƙuri. Ba ta cika mutuwa dare ɗaya ba. In ta fara bugu, sau da yawa wani abu ne daga waje yake ba ta umarnin da ba daidai ba, ita kuma tana bi.

Abin da nake so ka fara yi ba ya cin ko dala. Ka hau kwalta shimfiɗaɗɗiya bayan inji ya yi zafi, ka kashe rediyo, ka taka totur a hankali daga tsaye, idonka a kan allurar juyin inji. Bugu iri biyu ne, kuma ba dangin juna ba ne. Akwai wanda allura take hawa daidai, lokacin sake giya ya zo, sai kawai ka ji dam, allura ta faɗo nan take. Akwai kuma wanda kafin bugun sai inji ya yi kuka shi kaɗai, allura ta zabura sama da ɗari biyar ko dubu kamar ka taka totur a N babu giya, sannan giya ta kama da ƙarfi. Na farko yana nufin faifan da ke ciki suna kamawa da ƙarfin da ya wuce kima. Na biyu yana nufin sun kasa kamawa a kan lokaci, suna sulɓi, sai daga baya su cafke. Na farko yawanci gyaransa mai sauƙi ne, buwat tana kan mota ake yi. Na biyu shi ne abin tsoro, ko da yake shi ma ƙarancin mai kaɗai yana iya kawo shi. Duk makanikin da ya ce maka buwat ta mutu bai shiga motar ya bambance waɗannan biyun ba, kintace ya yi.

Dalili kuwa, duk aikin buwat otomatik da matsin mai ake yin sa. Famfo ne a gabanta, inji yake juya shi, yana tura mai ya matse jerin faifai su kama, wasu su saki. Kamar riƙon ɗan kokowa ne: in ya yi sako-sako abokin karawa ya zame, in ya shigo da dukan ƙarfinsa a kan ƙaramin yaro sai ya yi ɓarna. Don haka buwat tana bukatar sanin ƙarfin da inji yake bayarwa a wannan lokacin, ta daidaita riƙonta da shi.

A motarka wannan labarin kabul ne yake kai shi. Buɗe kafo, wato murfin inji, ka dubi inda kabul ɗin totur yake ɗaure a bakin iskar inji. Za ka ga wani kabul kusa da shi wanda ya gangara ƙasa ya shige jikin buwat. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne yake sake giya. A wannan buwat ɗin ba haka ba ne, kwamfuta ce take yanke lokacin sakewa. Aikin kabul ɗin kawai ya ƙara matsin mai gwargwadon yadda ka taka. In an ɗaure shi ya yi tauri, ko ƙura da tsatsa sun hana shi komawa, buwat za ta ɗauka kullum ƙafarka tana ƙasa, sai ta riƙa shiga kowace giya da ƙarfin hawan dutse alhali kana tafiyar cikin gari. Har D da R na safe za su yi bugu. A jikin wayar akwai ɗan ƙarfe da aka matse tun daga kamfani, tazararsa da bakin rigar kabul kada ta wuce milimita 1. Wasu ƙirar ana auna wannan da totur a sake, wasu a take har ƙasa, sai a bi littafin motar. Ka ja wayar da yatsa ka saki, ya kamata ta koma da kanta sumul. In tana cijewa, kabul ɗin ake sakewa.

Na taɓa karɓar irin motarka da aka riga aka sake mata buwat a wani garaji, mai ita ya kashe kuɗi masu yawa, kuma bugun yana nan yadda yake. Da na leƙa sai na tarar an ja kabul ɗin nan har zaren kusar ya ƙare, ɗan ƙarfen ya fito waje kusan faɗin yatsa. Ashe tun lokacin da aka wanke bakin iska aka mayar da shi haka, da aka ɗora sabuwar buwat kuma aka bar shi inda aka same shi. Sifana biyu da minti goma suka raba gardama. Tsohuwar buwat ɗinsa, wadda ba abin da ya same ta, tuni an sayar wa wani.

Sai dai a kiyaye. Akwai masu sassauta kabul ɗin fiye da ƙa'ida don mota ta yi laushi, mai ita ya ji daɗi ya biya. Wannan ha'inci ne. Matsi ya ragu, faifai suna sulɓi a ɓoye, bayan ƴan watanni su ƙone. Buwat mai ɗan bugu ta fi buwat mai laushin ƙarya tsawon rai.

Sai mai, wanda a gaskiya tare da kabul ake duba shi rana ɗaya. Ba a auna man buwat kamar na inji. Sai an yi tafiya ya ɗumama, wajen digiri 70 zuwa 80, mota a wuri mai daidai, inji yana aiki, ka taka birki ka bi da hannun giya kowane matsayi daga P zuwa L ka dawo P, sannan ka zaro joji, sandar auna mai. Ya tsaya a tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. In ya gaza, famfo yana zuƙar iska. In ya yi yawa, yana kumfa, kumfa kuma ba ta matsuwa daidai. Duka biyun suna kawo jinkiri sannan bugu.

Ka ɗiga shi a farar takarda ka kai rana. Mai lafiya ja ne garau, ana ganin takarda ta cikinsa. In ya koma ruwan ƙasa amma ba ya wari, tsufa ne kawai, ya gaji. In ya yi baƙi yana warin ƙanzo, ko ka murza a yatsa ka ji tsaki-tsaki, faifai sun fara ci. Akwai kuma launi na huɗu da nake so ka sani, domin irin motarka ta yi suna da shi: mai ya koma kamar kunun gyaɗa da aka ɗiga wa zoɓo, fari-fari ja-ja mai kauri. Man buwat yana bi ta wani bututu a cikin ƙasan radiyata don ya huce. In bututun ya ruɓe, ruwa da mai su haɗu. Mu kuma nan ruwan rijiya da na famfo muke ɗura wa radiyata, tsatsa ta samu gida. Ruwa yana ɓanɓare fatar faifai daga jikin ƙarfensu. In ka ga wannan launin kada ka ƙara ko kilomita ɗaya, a sake radiyata, a wanke buwat da sabon mai sau da yawa, a yi addu'a.

Tambayi kanka kuma, wane mai aka zuba a bidanj na ƙarshe, wato ranar da aka sake mata mai, kuma bugun kafinsa ya fara ko bayansa? Motarka Dexron III take sha, dubi jikin joji ko littafinta. Ba kowane jan mai ne ɗaya ba. Akwai wanda ake kira Type F na tsofaffin Ford, ba shi da sinadarin da ke sa faifai su kama a hankali, in aka zuba shi a Toyota sai ta riƙa cafka. Ga kuma na jabu da ake ɗurawa a galan mai kyan gani. Ni dai na fi son a sayi mai a rufe a wurin da aka sani, a buɗe shi a gabanka.

Game da sake man, mutane sun kasu biyu. Wasu sun ce tsohuwar buwat ba a taɓa manta, in an sake sai ta mutu. Abin da ke faruwa shi ne, buwat ɗin da ta riga ta cinye faifanta, garin faifan da ke yawo a cikin tsohon mai shi ne yake ɗan taimaka mata ta kama, in aka zubar sai asirinta ya tonu. Ba sabon mai ne ya kashe ta ba. In manka ruwan ƙasa ne ba ƙonanne ba, a sake, amma a hankali. Buwat ɗin tana ɗaukar kusan lita 10, in an kwance kusar ƙasa lita 2 zuwa 3 kawai suke fita, yawancin sauran suna cikin kombatisar, wannan ƙatuwar ƙwaryar ƙarfe da ke tsakanin inji da buwat. Sai a zubar, a cika, ka yi tafiya ɗaya ta Abalak ka dawo, a sake, har sau uku ko huɗu. Ban yarda a sa mata injin tura mai da ƙarfi a wannan shekarun nata ba. A ɗaya daga cikin zuwan nan a kwance tasar ƙasa gaba ɗaya. Akwai maganaɗisu a cikinta. In ka ga laka mai laushi launin toka a jikinsu, wannan cin yau da gobe ne. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko baƙin ɓawo ya toshe rariya, magana ta sake. Kuma ka tsaya a kan yaron da zai mayar da tasar, kada ya lafta silikon kamar mai yaɓen ɗaki, abin da ya matso ciki rariya zai je ya toshe.

Yanzu bugun safe na D da R. Shi ba lalle ne daga buwat yake ba. In inji ya yi zafi, ya kamata ya tsaya wajen juyi 700 a minti. In yana tsayawa a 1,100 ko 1,200 saboda bakin iska ya yi datti, ko wani ya ɗaga shi don kada ya mutu in an kunna sanyi, to dole giya ta shiga da duka. Da safe kuma kowane inji yana ɗaga murya kafin ya ɗumama, ɗan jira kaɗan yana rage abin.

Sannan ka sa wani ya zauna ya taka birki sosai, birkin hannu a ɗaure, yana sa D yana mayarwa R, kai kana tsaye a gefe, ba gaba ko baya ba, kana kallon inji. In yana ɗagawa kamar zai fito, robar da yake zaune a kai ta tsage. Daga nan a kashe inji, a sa duwatsu a taya, a shiga ƙasa a kama kardan, doguwar sandar da ke kai juyi daga buwat zuwa tayoyin baya, a murɗa hagu da dama. Wasa a kurosiyon, wato gaɓoɓin kardan, wasa a cikin fon na baya, wato gidan giyar da ke tsakanin tayoyin baya, robobin ƙafar baya da suka mutu, kowannensu yana tara ɗan gibi, in giya ta shiga sai duk su haɗu su ba da ƙara ɗaya. Kardan ɗin motarka yana da nonon giris a kurosiyon da kuma inda yake zamewa ciki da waje. Hanyar Keita da ƙurarta tana busar da shi. In wurin zamewar ya bushe, za ka ji dum a baya daidai lokacin da ka tsaya ko ka tashi, kamar wani ya taɓa ka da mota. Maganinsa giris. Na sha ganin an zargi buwat a kan abin da famfon giris ya warkar.

Akwai gwajin agogo da Toyota kanta ta tanada. Mota da zafinta, ƙafa a birki, ka tura daga N zuwa D ka ƙirga lokacin da za ka ji ta kama. Kada ya kai daƙiƙa 1.2. Daga N zuwa R kada ya kai 1.5. A yi sau uku, a bar minti ɗaya tsakani. In tana yin daƙiƙa uku ko huɗu kafin ta cafka da ƙarfi, wannan alamar matsi ya yi ƙasa ne ko faifai da robobin ciki sun gaji.

Daga nan sai wuta. Tunda ƴar Amurka ce ta bayan 1996, tana da wurin sa baliz, na'urar da ke karanta lambobin laifin da kwamfutar mota ta ajiye, a ƙarƙashin sitiyari. A karanta ko da fitilar inji ba ta kama ba, balle ma sau da yawa masu sayar da mota sun cire ƙwan fitilar. Lamba P0120 da P0121 na kaptar ɗin totur ne, wato abin da ke gaya wa kwamfuta yadda ka taka. P0500 na kaptar ɗin gudu. P0750 da P0753 na solenoyid na ɗaya (solenoyid ƙofar mai ce da kwamfuta take buɗewa da wuta), P0755 da P0758 na biyu, P0770 da P0773 na wanda yake kulle kombatisar. Amma lamba ba hukunci ba ce, nuni ne da inda za a duba. Solenoyid ɗin nan in aka auna su da mita suna ba da om 11 zuwa 15, kuma kafin a ce sun mutu a bi wayarsu, domin zafi da ɓera suna cin waya fiye da yadda solenoyid yake mutuwa. Kaptar ɗin totur kuwa, a sa mita a taka a hankali, wuta ta tashi daga ƙasa da bolt 1 zuwa wajen 4 ba tare da tsalle ba. In tana yankewa a tsakiya, kwamfuta za ta ga kamar kana taka totur kana saki, sai ta riƙa sake giya a inda bai dace ba. Dubi kan batir da wayar mas ma, wadda ta haɗa batir da jikin mota. Kuma kada ka yi dariya, duba maɓallin ECT PWR ko yana danne. Yana sa mota ta ja giya ta yi nisa kafin ta sake, wani ya taɓa zuwa mini daga Doso a kan wannan kaɗai.

Af, kalosta, abin nan da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi. Na san a Tawa kusan kowa ya cire nasa don tsoron zafin bazara. Kwamfutar motarka ba ta barin giya ta huɗu ta shiga sai ruwan inji ya kai wajen digiri 60. Da sanyin Janairu, mota marar kalosta takan daɗe ba ta kai nan ba, sai mai ita ya ce buwat ta ƙi sakewa.

In duk waɗannan sun fita lafiya, bugun kuma yana nan a giya ɗaya tak, daga ta ɗaya zuwa ta biyu, to hankalina zai koma kan abin da muke kira akumulatar. Ka san gammo? Shi ke nan. Fistin ne ƙanana da sifirin a bayansu, kowace giya da nata, in mai ya taho da ƙarfi su suke fara karɓarsa su ja da baya, faifai su kama sannu a hankali. In sifirin ya karye ko fistin ya cije, kaya ya sauka a kai ba gammo. Suna saman allon hanyoyin mai, wanda muke ce wa ƙwaƙwalwar buwat, kuma ana kai musu ta ƙasa in an cire tasa, ba sai an sauke buwat ba. Sai dai aikin mai natsuwa ne, a cikin allon akwai ƴan ƙananan ƙwallaye, ɗaya ya ɓata ko ya sauya rami an ƙara wata cutar. Ba aikin da za a yi a kan rairayi iska tana kaɗawa ba ne.

Kafin a kai ga haka, makanikin kirki zai ɗaura agogon matsi a ramin gwaji da ke gefen buwat. A D, inji yana aiki ba a taka totur ba, wajen bar 4 ake nema, R ya fi haka. In ya haura a ko'ina, kabul ne ko bawul mai daidaita matsi. In ya gaza a ko'ina, a nemi rariya, famfo ko bawul. In ya gaza a D kaɗai ko R kaɗai, mai yana zurarewa a wannan layin, nan ne ake fara maganar buɗewa. Tambayi makanikinka ko yana da wannan agogon. Amsar da zai ba ka za ta gaya maka abubuwa da yawa.

Masu karatu da ke da wata motar, ku lura ba duka ake bi haka ba. Toyota masu giya biyar da suka zo daga baya ba su da kabul, solenoyid ne yake riƙe matsi, da yawansu ba su da joji, man WS suke sha, kuma in an cire batir sukan ɗan yi rashin ladabi kafin kwamfuta ta sake koyon tuƙinka. Manyan Chevrolet masu buwat 4L60E kuwa, in sun yi doguwar tafiya suka fara dukan ɗaya zuwa biyu, aka kashe aka tayar abin ya ɓace, a nemi lamba P1870: kwamfuta ce ta ga sulɓi ta ɗaga matsi har ƙarshe don ta kare faifai.

In har ta tabbata sulɓi ne, mai ya ƙone, ga ƙarfe a tasa, to sai a zaɓa tsakanin gyara da ta hannu. Ta hannu sayen kifi a ruwa ne. In za ka saya, lambarta ta dace da taka, domin mai jan ƙafa huɗu da mai jan biyu ba ɗaya ba ne. A buɗe tasarta a gabanka, a yi sharaɗin kwanakin gwaji da shaidu, kuma a wanke bututun sanyaya mai kafin a ɗora, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shige sabuwar.

Ko ma mene ne ya fito, zafi ne babban abokin gabanta a ƙasarku. A watan Afrilu da Mayu, ga kaya, ga rairayi, kombatisar yana ta murza mai yana dafa shi. In ka shiga yashi mai zurfi ka sauko 2 ko L, ko ka sa ƙaramar giyar ƙafa huɗu, kada ka bar ta a D tana nishi. A hawa da kaya, in ka ji tana kai da komo tsakanin ta uku da ta huɗu, danna O/D OFF, maɓallin da ke hana ta shiga ta huɗu. Ƙaramar radiyatar mai ta daban a gaba tana da amfani ƙwarai ga mai irin tafiyarka. In kuma ta tsaya maka a hanya, ba a tura ta don ta tashi, kuma ba a jan ta da nisa tayoyi a ƙasa sai an kwance kardan, domin famfonta ba ya juyi in inji a kashe yake.

Ba sai ka taso Yamai yanzu ba, kilomita sama da 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi ba ƙaramar tafiya ba ce ga buwat da ba a san ciwonta ba. Kabul, mai, juyin inji da giris duk ana iya duba su nan Tawa da hantsi ɗaya. In ka gama, aiko mini da hoton ɗigon man a farar takarda, da hoton ɗan ƙarfen nan na jikin kabul, ka kuma gaya mini ko allura tana zabura kafin bugun ko ba ta yi. A gaida mutanen Adar.